Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da shugabannin asibitocin da ke kwantar da yaranmu na karkara: don Allah kar ku sallami yaro ba ku duba katinsa ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe likitoci, da manyan nas-nas masu kula da ɗakunan yara, da shugabannin asibitocin da mu mutanen ƙauye muke garzayawa in jiki ya ƙi, da ku malaman rigakafi, ina gaishe ku da aiki, sannunku da ƙoƙari.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Hadejia, ban karanci aikin lafiya ba, ɗan abin da na sani a barandar asibiti na fara koyonsa, sauran kuma daga baya na riƙa bin ma'aikata ina tambaya ina karantawa a waya. Na daɗe ina son rubuta muku wannan takarda, sai in fara in goge in ce wa zai saurari malamin ƙauye, amma satin da ya wuce na je dubiyar 'yar maƙocina da aka ba gado, abin da na gani ya nuna min har yanzu muna nan inda muke, shi ne na ce to wannan karon sai na rubuta ko mutum ɗaya ne zai karanta. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ku ne kuka ceci ɗana da ikon Allah, ban manta ba.

An haifi ɗana na huɗu a farkon daminar 2022, a gida aka haife shi kamar yayyensa, ungozoma ta yanke cibi. Bayan suna muka kai shi ƙaramin asibitinmu aka yi masa ta dantse, wadda take barin tabo, wato BCG ta tarin fuka, aka ɗiga masa maganin shan inna aka ba mu kati. Da ya yi sati 6 uwarsa ta koma aka yi masa na cinya zagaye na farko. To daga nan fa komai ya tsaya. Duk wanda yake Jigawa ya san ambaliyar wannan shekarar, yadda ruwa ya cinye gonaki da gidaje tun daga Ringim har su Auyo da Kafin Hausa da Hadejia, mu hanyarmu yankewa ta yi, sai da kwalekwale ake fita, ɗakin maiɗakina ya rushe da kayanta a ciki har da katin yaron da yake cikin kwanon samira. Da ruwa ya janye ta goya shi ta tafi a ƙafa, aka ce ina kati, ta ce ruwa ya ci, aka yi mata faɗa a gaban mata cewa su ba su san darajar abu ba sai yaro ya kwanta su zo suna kuka, ta dawo gida ranta a ɓace ta ce ita ba za ta sake zuwa a ci mata mutunci ba. Da ya kai wata 10 na lallashe ta ta koma don ta ƙyanda, nan kuma aka ce yau yara ba su da yawa ba za a buɗe kwalba ba, ta dawo wani satin. Wani satin ya zo ana girbi, shikenan maganar ta bi ruwa.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ne uba, ni na je makaranta, ni ke da babur a gidan, da na ɗauke su da kaina na tsaya a kai da an yi. Na bar wa mace abin kamar ita kaɗai ta haife shi, kuma wannan abin yana damuna har yau.

Cikin azumin 2024 yaron ya kama tari da zazzaɓi, numfashinsa sama-sama, haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska. Muka fara da kemis kamar yadda kowa yake yi, kwana biyu ba sauƙi, muka kai shi babban asibiti likita ya ce nimoniya ce aka ba mu gado. Kwana 9 muka yi. Wallahi ma'aikatan sun yi aiki, akwai wata nas da ta kwana tana duba masa oksijin alhali ita ma azumi za ta tashi da shi, Allah ya saka mata da alheri. A kwanaki taran nan an tambaye mu abubuwa da yawa, yaushe ya fara, me kuka ba shi, yana shan nono, yana gudawa, an auna nauyinsa an ɗebi jininsa har sau biyu. Maganar rigakafi kuwa sau ɗaya aka yi ta, ranar farko, mai rubutu ya ce ana masa rigakafi? Uwarsa ta ce eh ana yi, ya rubuta ya wuce tambaya ta gaba.

Ku tsaya a nan ranku ya daɗe, don nan ne gizo yake saƙar. Ita ba ƙarya ta yi ba. A ƙauye in ka ce rigakafi abin da yake zuwa ran mace shi ne masu bi gida-gida da akwatin ƙanƙara, su ɗiga wa yaro magani a baki su shafa masa tawada a ɗan yatsa su yi rubutu da alli a ƙofar gida. Wannan kam an yi wa ɗana ya fi a ƙirga. Amma ɗigon shan inna ba ya kare ƙyanda, ba ya kare mashaƙo, ba ya kare tarin shiƙa, shan inna kaɗai yake karewa. Mata da yawa da maza ma ba su san wannan bambancin ba, gani suke tunda kusan kowane wata ana zuwa ai yaronsu ya gama. To in tambayar da za a yi a asibiti ita ce ana masa rigakafi kawai, amsar kullum eh ce, fayil ya nuna yaro lafiya lau alhali allura ɗaya ko biyu ce a jikinsa. Da ya ce mata sau nawa aka yi masa allura a cinya, an yi masa ta dantse da ya kai wata tara, da a take gaskiya ta fito, minti ɗaya bai cika ba.

A kwana na bakwai da daddare aka kawo wata yarinya aka kwantar a gadon da ke kallon namu, idonta jajur, hanci na zuba, tana tari. Da safe ƙuraje suka feso mata daga bayan kunne zuwa fuska, likita ya gani ya ce ƙyanda ce aka mayar da ita wani ɗaki na gefe. Amma ta riga ta kwana da mu. Mu kuma ranar Asabar aka sallame mu, aka ba mu takardar magani muka yi godiya muka kama hanya, muka wuce ta gaban ɗakin rigakafi da ke cikin harabar asibitin, taku hamsin bai kai ba daga inda ɗana ya kwanta, yana kulle da kwaɗo, a jikin bangonsa an rubuta rigakafi ya fi magani.

Kwana 10 da komawarmu gida zazzaɓi ya dawo, ido ya yi ja, bayan kwana uku ƙuraje suka fito. A gadon asibiti muka yi ƙaramar sallah. Yaron da bai gama farfaɗowa daga nimoniya ba ƙyanda ta same shi, ga gudawa ga baki duk ya fashe ba ya iya cin komai, ya rame har aka sa shi a layin masu tamowa ana ba shi abincin nan mai gyaɗa na cikin leda, yaron da yake gudu a tsakar gida ya koma sai an zaunar da shi, sai da ya yi kusan wata biyu kafin ya sake takawa. Alhamdulillahi ya rayu. Amma gidanmu gidan yawa ne, kafin mu gane me ake ciki 'yar ƙanena mai wata 7 ta ɗauka, ita lokacin allurarta ma bai yi ba, kuma uwarta ba ta taɓa fashin zuwa awo ba, katinta cike yake daidai da watanninta. Yarinyar ce ba ta tashi ba. Allah ya sa mai ceto ce. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Daga baya ne wani ma'aikacin lafiya ya yi min bayanin da ya hana ni barci. Ya ce ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da mai ita kusan 9 sai sun kamu. Ya ce kuma in aka yi wa yaro allurar cikin awa 72 da haɗuwarsa da mai cutar, tana iya hana ta fitowa ko ta rage mata ƙarfi. Ku lissafa, yarinyar ta zo daren kwana na bakwai, mu mun fita a na tara, ashe muna cikin lokacin, allurar kuma tana cikin firji a ɗaki mai kwaɗo. Ya ƙara da cewa ƙyanda ba ƙurajen ne abin tsoro ba, tana karya garkuwar jikin yaro ta bar shi a buɗe ga nimoniya da gudawa na tsawon lokaci, tana cinye sinadarin bitamin A har ta kai ga makanta, shi ya sa ake ba masu ita wannan ɗan ƙwanson da ake matsa musu a baki.

Abin da nake so ku gane shi ne, yaron ƙauye da ya zo hannunku ya kwanta, wataƙila wannan ne karo na farko da likita ya taɓa ɗora masa hannu, wataƙila kuma shi ne na ƙarshe har ya girma. Gwamnati da ƙungiyoyi suna kashe kuɗi mai yawa ana hawa babura ana shiga rugage da tungaye ana neman yaran da ba a taɓa yi wa allura ba, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna Najeriya na da irin waɗannan yaran sama da miliyan 2 a 2023, ta fi kowace ƙasa a duniya, kuma mun san kaso mai yawa a nan Arewa suke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka samu cikakkun alluran farko. Tun 2017 hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum. To ga yaran da ake nema nan sun kawo kansu, da uwa da uba da kaka, sun kwana bakwai ko goma a ɗakinku, ba sai an sayi mai an bi su ba, kuma da yawansu rashin allurar ne ma ya kwantar da su, sannan a sallame su yadda suka zo. Ni wannan ne abin da na kasa ganewa.

Da yake cikin azumi ne muka yi jinyar ɗana, mu maza a baranda muke shan ruwa tare, kowa ya kawo ɗan kununsa da ƙosai a haɗa, a nan na ji dalilai iri-iri, kuma ina so ku ji su daga bakin wanda ya zauna da su, don sau da yawa in ana maganarmu a rediyo sai a ce jahilci kawai a wuce. Wani bawan Allah daga wajen Gumel ya ce shi tunda aka yi wa ɗansa na fari ta cinya ya kwana yana kuka da zazzaɓi cinya ta kumbura, mahaifiyarsa ta ce ba a sake kai mata jika a jawo masa ciwo yana zamansa lafiya, shi kuma ba zai iya ja da ita ba. Ba wanda ya gaya musu tun farko cewa ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayan wannan allurar ba abin tsoro ba ne, ana ba da farasitamol ya wuce. Wani Bafulatani ya ce su ba a zaune suke wuri ɗaya ba, in an yi ta farko a nan kafin ta biyu sun tashi, kuma in suka je wani asibitin sai a ce ba nan suka fara ba. Wani ya ce kuɗin acaɓa zuwa da dawowa ya kai na kwanon gero, in matarsa ta je aka ce babu ta dawo gobe, wa zai ba shi na goben? Wani kuma shi yana Legas yana neman kuɗi rabin shekara, matarsa ba ta fita sai da izininsa, ranar allura ta zo ta wuce wayarsa ba ta shiga. Ga maganar jego, mace ta haihu a gida ba ta fita sai ta yi arba'in, alhali ta ciwon hanta ana so a yi ta ne cikin awa 24 da haihuwa. Ga tsofaffinmu da har yanzu suke cewa baƙon dauro dole ne kowane yaro ya yi, in ya zo a lulluɓe yaro a ɗaki kar a kai shi asibiti kar allura ta mayar da shi ciki, sai ya galabaita sannan a kawo muku.

Akwai kuma tambayar da wani dattijo ya yi wadda duk muka yi shiru. Ya ce me ya sa maganin shan inna ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta ana roƙonmu, amma yau da jikana yake kwance sai da na sayar da akuya na sayi allura da ruwan ƙari? Wannan tambayar tana ran mutane da yawa, kuma tana da tushe. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan, yara 11 suka rasu a cikin gwajin, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan magani ne aka gwada, ba allurar rigakafi ba ce, amma a ƙauye wa zai tsaya bambancewa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da jita-jitar hana haihuwa ta taso a 2003 ta samu wurin zama, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna sai a 2004 aka dawo, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, a 2013 kuma aka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, Allah ya jiƙansu. Amma ku duba yadda abin ya juya da sarakuna da malamai da dagatai suka shigo ciki, tun 2016 ba a sake ganin asalin ƙwayar shan inna ta daji a Najeriya ba, a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Kenan mutanenmu suna jin magana in wanda suka yarda da shi ne ya faɗa.

To wa uba ya yarda da shi fiye da likitan da ya ga ɗansa yana numfashi da ƙyar ya tsaya a kansa har ya tashi? Ranar sallama in likitan nan ya kalle ni ya ce malam, ɗanka saura allura kaza da kaza, yanzu za a yi masa ta ƙyanda kafin ku tafi, wallahi ko hannuna ya ce in miƙa zan miƙa. Dattijon nan mai akuya ma na tabbata ba zai ƙi ba. A gida mutum yana iya rufe ƙofa ya ce yara ba sa nan, amma a bakin gadon da aka ceci ɗansa zuciyarsa a buɗe take, kakar ma da take hanawa tana nan zaune a tabarma ta ga abin da ciwo ya yi da idonta. Wannan damar ba ta dawowa in an fita get.

Mashaƙo ma ya isa ya zama darasi. Tun ƙarshen 2022 da ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ya taɓa Jigawa da Yobe da Katsina da Bauchi, kuma akasarin yaran ba su da cikakkiyar rigakafi. Alhali rigakafinsa yana cikin allurar cinyar nan da ake kira penta, guda ɗaya mai kare cuta biyar, mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus mai sarƙe haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da nimoniya, ana yinta a sati 6 da 10 da 14, tare da ta nimoniya da ɗigon gudawa na rota da aka shigo da shi a 2022. A wata 9 ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 ƙyanda ta biyu. Duk kyauta. Ni mai koyar da yara sai bayan na binne 'yar ƙanena na haddace wannan jerin.

Na tambaya me ya sa ɗakin rigakafi yake kulle, aka ce min ai su ranakunsu daban ne, da safe suke aiki, kuma a wurare da yawa masu rigakafi ƙarƙashin ɓangaren lafiya matakin farko suke, masu ɗakin kwanciya kuma ƙarƙashin masu kula da manyan asibitoci, kowa da rajistarsa da wanda yake ba rahoto. Na ji wannan, amma ranku ya daɗe wannan rabon aikin naku ne, uwar da ta zo daga ƙauye asibiti ɗaya ta sani. Ku zauna ku daidaita a tsakaninku. A ajiye mukulli wurin babbar nas mai aikin ƙarshen mako, ko a sa ƙaramin firjin sola a ɗakin yara da rajista a gefensa, nas ɗin da ta iya sa wa jariri kanula a jijiya da tsakar dare allurar dantse ba za ta gagare ta ba. In kuma hakan bai samu ba to ko mutum ɗaya daga masu rigakafi ya riƙa zagaya ɗakin yara kowace safiya gado-gado yana tambaya, ya san wa za a sallama yau da gobe.

Na kuma ji ana cewa ai yaro mara lafiya ba a yi masa rigakafi. Eh wanda yake cikin tsananin ciwo a jira ya farfaɗo, wannan hukuncin likita ne ba nawa ba. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take, ɗan mura ko tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura, tamowa ma ba ta hanawa, mai tamowa shi ya fi kowa buƙatarta don shi ƙyanda ta fi kashewa. Yaron da kuka ga ya warware har ya isa ya hau babur ya yi tafiyar awa guda a kan hanyar burji ai ya isa a yi masa allura. Kuma wanda ya tsaya a hanya ba sai an koma farko ba, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, wanda ya wuce shekara ɗaya ma bai makara ba, tun 2023 aka fito da shirin cike giɓi na yara har zuwa shekara 5. Da yawa daga iyaye ba su san haka ba, gani suke in wata tara ya wuce shikenan an rufe, wasu ma'aikatan ma haka suke faɗa musu.

Maganar kwalba kuma, na gane dalilin, ta ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG ta 20, in aka haɗa ta da ruwanta bayan awa 6 zubarwa ake yi, ma'aikaci yana tsoron a ce ya yi ɓarna. To ku shugabanni ku cire masa wannan tsoron a rubuce, ku ce ko yaro ɗaya ne ya zo a buɗe, kar a tuhumi kowa. Ku auna kuɗin ragowar kwalba ɗaya da abin da aka kashe a kan ɗana a kwanciyarsa ta biyu, gado da oksijin da ruwa da abincin tamowa na wata da watanni, ban da abin da ba a saye da kuɗi. A babban asibiti ma in an bi gadaje da 'yan ƙannen da ke goye a bayan masu jinya da yayyen da ke wasa a baranda, kwalbar ba za ta yi saura ba, don gidan da yaro ɗaya bai samu ba sauran ma da wuya su samu.

Sai kati. Don girman Allah a daina yi wa mata faɗa a kan kati. Matar da ruwa ya ci ɗakinta, ko gara ta cinye takardar, ko ta fito a gigice da tsakar dare da yaro yana suma a hannu, ba ta tuna kati ba, ba laifi ta yi ba. A duba tabon dantse, a tambaye ta a hankali, a ba ta sabo. Faɗan minti biyu da aka yi wa maiɗakina shi ya raba ɗana da allura sama da shekara. Kuma in an yi masa ta ranar sallama a rubuta a takardar sallamar da Hausa, ranar kaza ku je asibitin garinku a yi ta gaba, a gaya wa uban ba uwar kaɗai ba, don shi ke ba da izini shi ke ba da kuɗin mota. In da hali a karɓi lambar wayarsa a tura wa malamin asibitin ƙauyensu, shi kuma ya san mai unguwa, mai unguwa ya san gidan. Yaro mai zazzaɓi da jan ido da tari kuwa a lokacin bazara, a samu wurin da za a fara ajiye shi daban tun daren da ya zo, kar a jira sai ƙuraje sun fito a tsakiyar jarirai.

Mu ma a namu ɓangaren ba mu zauna ba. Na yi magana da limaminmu ya faɗa a huɗuba, ranar suna yanzu in an gama addu'a mai unguwa yana tambayar uban jariri ko an kai shi an yi ta dantse, ni kuma duk wanda ya kawo yaro aji ɗaya ina tambayarsa labarin ƙannensa na gida. Ranar allura babur ɗina na matan unguwa ne in dai mazansu sun yarda. Amma mu iyakarmu waɗanda muke gani, waɗanda suka kuɓuce mana wurinku suke ƙarewa.

'Yar maƙocin nawa da na je dubawa shekararta ɗaya da wata biyu, gudawa da amai suka kwantar da ita, ranar da na je kwananta 5 a gado. Na tambayi uwar an tambaye ki kati? Ta ce an dai tambaye ta ko ana yi wa yarinyar rigakafi, ta ce musu eh. Na ce sau nawa aka yi mata a cinya, ta ce sau ɗaya. Na je na samu nas ɗin da ke aiki na yi mata bayani, ta saurare ni da mutunci ta ce gaskiya ne malam, amma masu allurar sai ranar Talata, su kuma ana sa ran sallamarsu ranar Lahadi. Na roƙi uban ya bari su ƙara kwana biyu, ya ce kuɗinsa ya ƙare kuma ga gona. Yanzu dai mun yi da shi cewa ranar Talata zan ɗauki matarsa da yarinyar in kai su, in ruwa bai yanke hanya ba. A ɗakin akwai gado 12 duk da yara a kai, sauran ban san garuruwansu ba balle in bi su.

Wassalam, Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin aiki.

Naku,
Malamin firamare kuma uba, daga wani ƙauye a ƙasar Hadejia, jihar Jigawa